Tikiti Biyu

"Yanko min biyu," in ji mai man gyaɗa, ta miƙa kuɗin tikiti tun mai haraji bai buɗe baki ba.

Mai karɓar harajin kasuwar Gwiwa ya yi turus yana kallonta. Matar nan ce take tara masa jama'a duk ranar kasuwa, tun da jiha ta yi ƙari a kan tikiti don zubawa a asusun tallafa wa waɗanda suka rasa aiki. Ta sha faɗa masa ba za ta yini a rana tana ciyar da 'yan zaman kashe wando ba.

"Iya, lafiya kuwa? Ai ɗaya ake biya."

"Na sani. Kamfanin casar shinkafar da ɗana yake wa aiki a Kazaure ne ya rufe. Tun daga nan ko ido ba ya iya haɗawa da matarsa. Shekaranjiya asusun nan naku ya biya shi, sai ga shi ya shigo gidana da buhun gero a kafaɗa, yana rangaɗa sallama. Na shinshina buhun, wallahi ƙanshin man gyaɗata yake yi."

Ya yi dariya, ya yago biyu. "To, ɗaya na ɗanki. Ɗayan fa?"

Ta nuna masa bakin kasuwa da haɓa, inda ake kafa sabuwar na'urar karɓar haraji.

"Naka ne, ɗan nan. Ka zaci waccan za ta bar ka da aiki?"