Ɗari da Ashirin

Ilu makanike ya ɗaga tayar gaban babur, ya juya ta da hannu a hankali. Mitar gudu ta haska: 120.

"Ka gani, Malam Ƙasimu? Sensa ce ta lalace. Ko tura babur ɗin nan kake a lungun Shahuci, haka za ta nuna."

Malam Ƙasimu ya ƙura wa mitar ido. Wannan lambar ya tarar mitar ta ajiye, ranar da ya ƙwace makullin daga hannun ɗansa Umair.

"Wallahi Baba, ban taɓa wuce arba'in ba."

"Maƙaryaci! Hau motar haya, ta fi aminci."

Motar da Umair ya hau ba ta kai Zariya ba, ta yi hatsari a hanya. Yau sati uku da binne Umair.

Ilu ya ce, "A gyara, Malam?"

"Bar ta. Sake juyawa in gani."