Gudan Jini

Malamin ya haska hoton huhun da aka ciro wajen binciken gawa, ya nuna wa ɗalibai gudan jinin da ya toshe shi.

“Ƙafar matar ce ta kumbura bayan doguwar tafiya, aka yi ta matsa mata. Gudan ya ɓalle, ya tafi huhu.”

Ɗalibar da ke layin gaba ta kasa zama. Ta ajiye biro, ta ɗauki wayarta, ta fice. Sai a kira na huɗu aka ɗaga.

“Mama, ya ƙafar?”

“Ga ƙanwarki za ta matsa min, yadda kika ce jiya.”

“Ta ɗauke hannunta, Mama. Kada ki motsa, ga ni nan.”