Sai Na Fasa Tudun Nan

Manaja ya tsaya gaban katafila yana ɗaga hannu, amma tsohon direban bai kashe inji ba.

"Baba, sauko! Siminti ya yi tashin gwauron zabo, dizal ya gagare mu, kamfani ya janye. Aiki ya tsaya. Ga tirela can tana jiran katafilar."

Tsohon ya dubi gabansa. Titin da suke shimfiɗawa ya ƙare ne a gindin wani tudun duwatsu, bayansa kuma akwai ƙauyen da har yau a baro ake fito da mai naƙuda. Da damina da hannunsa ya taya tura wata, ba ta kai asibiti ba.

"Ranka ya daɗe, kwalta taku ce, ku tafi da abarku. Amma tudun nan sai na fasa shi."

"Za ka rasa aikinka."

"Wane aikin? Ba yanzu ka ce ya tsaya ba?"

Ya sa giya. Manaja ya yi tsalle gefe yana lalubar waya. Duwatsu suka yi ta gangarowa har rana ta karkata. Saura ƙiris ya ɓulle, injin ya yi tari ya mutu. Mai ya ƙare.

Manaja ya matso yana murmushi. "To, sai ka ƙarasa da farce."

Idon tsohon na kan tsagin da ya buɗe. Matan ƙauyen ne ke tahowa a jere, kowacce da galan a ka. Sun juye man injinan niƙansu kaf.

Ta gaban ta sauke nata, ta share gumi.

"Baba, ina bakin tankin?"