Rabin Minti na Shiru

Gassan yana ɗakin tace fim a Beirut, yana haɗa fim ɗinsa na huɗu, kan mazan da ke son juna a ɓoye, sai Firas ya shigo. Shekara shida suna tare, amma yau ko zama bai yi ba.

"Ran Juma'a za a yi baikona da 'yar kawuna," in ji Firas, idonsa a ƙasa. "Ka cire ni daga fim ɗin nan."

Gassan ya dube shi. "Ai hannuwanka kawai na ɗauka. Kai ka ce haka."

"Umma ta san hannuwana."

"Muryarka fa?"

"Ita ma cire ta."

Gassan ya juya ga na'ura ya shiga gogewa: hannun da ke ɓare masa lemo, muryar da ke tsokanarsa da "ranka ya daɗe darakta". Abu ɗaya ya rage, rabin mintin nan na shiru da masu fim kan naɗa bayan ɗauka, kowa ya kame bakinsa. Ya kunna. Numfashin mutum biyu ne kawai.

"Wannan ka bar shi, ba komai a ciki," in ji Firas.

"Tun yaushe aka fara maganar auren?"

Firas ya ce, "Tun bara."

Bara suka naɗi shirun. Gassan ya sake kunna shi, ya saurara har ƙarshe.

"Ni na ɗauka don fim ɗina ka yi shirun nan," in ji Gassan.