Kifayen da Babu a Takarda

Da safe Kuo Wen-lung ya sake tsamo matattun kifi biyu daga tafkin. Ya kwantar da su a kan buhu ya duba. Ɗigo-ɗigo ne farare a jikinsu, kamar an barbaɗa musu gishiri. Goma sha bakwai ke nan suka mutu.

Shekara biyu ya yi yana gina dajin nan a cikin gidan zu. Rumfar gilashi ce mai tsayin bene huɗu, da itatuwan da aka kawo a tirela, da bututun da ke yin yayyafi sau uku a rana, da tafki mai gadar katako. Kifayen daga wata uwa duniya aka kawo su, kuma kowanne sai da ya yi wata guda a keɓe kafin ya shiga ruwan. Saura kwana tara a buɗe wa jama'a.

Cutar ba da su ta zo ba. Wasu ƙananan kifaye ne ke kawo ta, irin na kasuwa, waɗanda babu su a takarda. In ya kwashe su yau, gobe sai ya ga sababbi suna yawo a ƙarƙashin gada.

"Kifi ba ya faɗowa daga rufi," in ji Madam Yen, shugabar gidan. "Mu uku ke da makulli: ni, kai, da tsoho Lo. Ka kawo mini suna kafin Juma'a. In ba ka kawo ba, naka zan rubuta."

Lo Tien-fu mai shara ne, shekararsa ashirin da shida a gidan. Kowa ya san halinsa. Yana cikin mabiya wani haikali, wurin ibadar masu sayen kifi da ransa su saki a ruwa don neman lada. Bara hukuma ta hana sakin a kogin gari. To, ina mai neman lada zai kai kifinsa? Wen-lung bai so tunanin ba, amma tunanin ya ƙi barinsa.

Ƙarfe goma sha biyu mahaifiyarsa ta iso a kan ƙaramin babur ɗinta, kamar kullum, da kwanon shinkafa da awara da fulas biyu a jaka. Ya buɗe mata ƙofar baya, ta wuce ta zauna a bencin gada.

"Dubi idanunka, kamar na kifayen naka," ta ce. "Shekara arba'in da ɗaya, ba mata, ba ɗa, sai ruwa. Je ka wanke hannu. Da sabulu, A-lung, ba irin tsomawar nan taka ba."

Famfon yana can bayan ɗakin injina. Ya tafi yana jan ƙafa. Da ya dawo ta zuba masa miya daga jan fulas. Shuɗin nata ne, ya riga ya koma jaka.

Bai taɓa gaya mata zancen matattun kifin ba. Tun rasuwar babansa ta daina cin duk wani abu mai rai, ko sauro ba ta kashewa, kuma labarin mutuwa yakan hana ta sukuni kwana da kwanaki. Sai kawai ya ce, "Mama, ina jin za a sallami Lo."

"A kan me? Mutumin kirki. A haikali ma shi ke share mana."

"Sha'anin aiki ne."

"To, ci abincinka. Ni dai kullum ina nema maka albarka. Aikin nan sai ya tsaya da ƙafarsa."

Ranar Laraba ya canza ruwa, ya zuba magani, ya laluba kowane bututu da hannunsa. Ranar Alhamis huɗu suka taso da ciki sama, har da babban, wanda aka buga hotonsa a allon bakin ƙofa. Wen-lung ya daɗe tsaye a kansa. Daga nan ya hau ofis ya rubuta suna.

Ranar Juma'a Lo ya wanke takalman robarsa, ya jera su a bakin ƙofa, ya miƙa makulli da hannu biyu.

"Ban taɓa saka ko tsinke a ruwan nan ba, ɗana," ya ce. "Amma ka gaji, ni ma na gaji."

Ya ɗan rusuna wa tafkin, ya fita. Wen-lung bai raka shi ba. Ya tsaya yana sauraron yayyafin bututu har ya ɗauke.

Ƙarfe goma sha biyu mahaifiyarsa ta iso. Ta ajiye jaka a benci, ta buɗe kwano.

"Je ka wanke hannu."

"Yau ba zan iya ba, Mama."

"Me ka ce?"

"Na ce ƙafata ba za ta kai ni ba."

Ya zube a kan katakon gada. Maƙogwaronsa ya bushe tun safe. Ya sa hannu a jaka ya jawo fulas ɗin da ya fara taɓawa.

"Ba wannan ba!" ta ce.

Ya riga ya murɗe murfin. Ba tururi, ba ƙamshin shayi, sai ƙarnin kasuwa. A cikin ruwan wasu ƙananan kifaye biyu ne ke zagayawa, da fararen ɗigo a wutsiyarsu.

"Kar ka firgita su," in ji mahaifiyarsa, tana miƙo hannu. "Miƙo nan in sake su. Yau kwana arba'in da tara ke nan ban tsallake ko ɗaya ba, kuma ladan duk naka ne."