Ƙarar da Auta Ta Kai Dattijo

Auta ta sake duba tarihin gyare-gyaren shafin, ta buga tebur har shayinta ya fantsama a kan takardu. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta yi rubutu a kan zazzaɓin masu jego, rubutunta na farko ke nan a kundin. Ko minti ashirin ba a yi ba Dattijo ya dira a kai, ya juya jimloli, ya cusa majiyoyi, ya bar sunansa ɓaro-ɓaro a sama da nata.

Kundin na intanet ne. Kowa na iya buɗe asusu ya rubuta abin da ya sani, wasu su gyara, wasu su goge. Shekara biyu ke nan Auta tana binciken digirinta a kan abin da ke korar mata daga wurin. Hanyar aikinta ba ta da wuya: ta jera asusu dubu uku, mai sunan namiji ta tura shi layin maza, mai sunan mace layin mata, sannan ta bi diddigin wanda ya taɓa aikin wani. Duk inda ta juya suna ɗaya ke tsole mata ido. Dattijo ba shi da hoto, ba ya zuwa taro, ba wanda ya taɓa jin muryarsa. Shekara bakwai yana rubutu, kuma a dandalin muhawara in ya ce shafi ya tsaya, to ya tsaya.

Shafukan maza ba su dame shi ba. Na mata yake bi, da ɗuminsu. Auta ta ƙirga ɗari huɗu da sittin da mata suka fara, yanzu duk wanda ya buɗe su sai ya rantse aikin Dattijo ne. Ita a wurinta wannan sata ce tsirara, an sa mata rigar taimako.

Abin ya fi ci mata rai saboda Gwaggo, yayar babanta. Shekara talatin Gwaggo ta yi tana kula da ɗakin karatu. Da ta ajiye aiki ta buɗe asusu da sunanta na yanka, ta rubuta shafi tara. A sati ɗaya aka goge su kaf, har wani marar kunya ya ce ta koma kicin. Tun daga ranar ba a ƙara ganin sunan nan a kundin ba, kuma saboda wannan cin mutuncin Auta ta ɗauki binciken.

Ranar Asabar ta kai wa Gwaggo sakamakon. Ta same ta gaban tsohuwar kwamfutarta, tabarau a karan hanci. Gwaggo ta sauke murfin, ta saurara har ƙarshe.

"Cikin shafukan da ya taɓa ɗin, nawa aka goge?"

"Ko ɗaya. Wa ya isa ya goge abin da ubangidansu ya sa wa hannu?"

"To ki yi masa magana mana kafin ki kai ƙara."

"Sau uku ina tura masa saƙo, Gwaggo. Wai in mai da hankali ga karatuna, sai ka ce shi ya raine ni!"

"Ke dai da gaggawa aka haife ki," in ji Gwaggo. "Ki bar zancen nan. Ba ma za su taɓa shi ba."

Wannan maganar ce ta ƙara tunzura ta. Wato har wadda aka wulaƙanta ta saduda. Auta ta tsara jadawali mai launi biyu, ta gabatar wa kwamitin kundin. Sabbin shiga ne, suna neman abin da za su nuna wa duniya cewa suna tare da mata, ga shi an kawo musu har gida. Kafin sati ya zagayo suka dakatar da Dattijo. Malaminta ya yaba, ƙawaye suka yi ta turo mata barka, ita kuwa har da 'yar rawa a ofis.

Kwana huɗu murnar ta yi. A na biyar aka fara sa wa shafukan mata alamar gogewa, wai ba su da muhimmanci. Aka buɗe muhawara, babu wanda ya tsaya musu da murya mai nauyi. Auta ta shiga da kanta, suka ce ita bincike ya kawo ta, ta tsaya a gefe. Shafi talatin da ɗaya suka tafi, har da na zazzaɓin masu jego. Ma'aikaciyar jinyar ta rubuta layi ɗaya, ta ce ta gode, ba za ta ƙara ba.

Auta ta san ramuwa in ta gan ta. Magoya bayansa ne, shi ya turo su. Ta bar ofis da rana tsaka, ta faɗa ɗakin Gwaggo ko gaisuwar kirki babu, tana zazzaga masifa: azzalumi, matsoraci, mai ɓuya a bayan suna, wallahi sai ta tona ko wane ne shi.

Gwaggo ba ta ce ta zauna ba. Idanunta sun yi ja, kuma Auta ba ta taɓa ganin ta cikin irin wannan fushin ba.

"Kin gama?" ta ce. "Da maza suka kore ni, na share hawayena na sake dabara, don kada a yi wa wata abin da aka yi mini. Ban taɓa zaton kora ta biyu daga cikin gidanmu za ta fito ba."

Ta juyo mata da kwamfutar. A saman shafin, da jan rubutu, an sa: "Dattijo, an dakatar da asusunka na tsawon shekara guda."