Agogunan Dattawan Yako

Ranar Talata da hantsi, sunaye goma sha biyu suka koma ja, alamar haɗari, a kwamfutar Likita Mujitaba, a ofishinsa na Kiru. Dukkansu dattawan Yako ne masu hawan jini.

Wata huɗu ke nan da wata ƙungiya ta raba musu agogo mai auna jini da bugun zuciya, ya aiko da sakamako kai tsaye. Da fari sun yi ƙorafin yana takura musu wajen alwala, amma Balarabe, ma'aikacin lafiyar da ke kula da su, ya ce ya shawo kan matsalar.

Likita bai taɓa taka Yako ba, tunda na'ura ta ɗauke masa wahalar hanya. Har rahoto ya rubuta yana yabon haɗin kan dattawan: tare suke tashi, tare suke hutawa. Malam Mamman, mai shekara tamanin, taku dubu tara yake yi kullum.

Da safen nan Likita ya buga wa Balarabe waya cewa gobe manyan ƙungiya za su zo su ga dattawan ido da ido. Bai jima da ajiye wayar ba jan ya bayyana.

In dattijo ɗaya ya faɗi, shirin ya rushe ke nan, kujerar Likita ma ta bi shi. Ya tare achaɓa, sai Yako.

A ƙofar masallaci ya tarar da su kan tabarma, suna ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe su, ya tambayi jiki.

"Jiki da sauƙi, Likita," in ji Malam Mamman. "Mutuminka dai za ka duba. Tun ɗazu yake haki kamar wanda ya yi huɗar gayya shi kaɗai."

Balarabe na jingine da bango cikin babbar riga, duk da zafin bazara, gumi na tsiyaya. Ya yunƙura zai gaida maigidansa, sai ya sulale ƙasa.

Likita ya ciro tsohon ma'aunin jini daga jaka. "Ku naɗe masa hannun riga."

"Ranka ya daɗe, a bari," in ji Balarabe da ƙyar. "Ina da iyali."

Aka naɗe. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa, agogo shida ne a jere, kowanne da sunan dattijonsa a jikin filasta. Sauran shidan suna hannun hagu.